Ashe ba kowane Bature ne ya iya Turanci ba

Daren da muka sauka a birnin Kazan na ƙasar Rasha, mu uku ne 'yan Najeriya, dukkanmu daga Arewa, kowa da akwatinsa da 'yar ledar yaji da garin kunu da aka ɗauro masa daga gida. Yunwa ta ci mu, sanyi kuma ya shiga har ɓargo. Da aka nuna mana ɗakinmu a gidan kwanan ɗalibai, sai muka fito neman inda ake girki. A kan matakala muka ci karo da wani saurayi fari tas, mai jan gashi. Babban cikinmu ya gyara murya, ya zuba masa Turancin da muka ci jarrabawar WAEC da shi, yana tambayar ina kicin yake. Saurayin ya tsaya yana kallonmu, kunnuwansa suka yi ja, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ɗaga hannu alamar ba da haƙuri, ya sauka da sauri kamar wanda aka biyo.

Muka kalli juna. Tun muna yara mun taso da cewa duk farar fata Bature ne, Bature kuwa ai Turanci harshensa ne. A daren nan muka gane lissafinmu bai yi daidai ba. Rasha ƙasa ce mai harshenta, Rashanci, wanda yake ɗaya daga cikin harsuna shida da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su. Da shi yaro ke karatu tun daga aji ɗaya na firamare har digirin digirgir. Turanci a wurinsa baƙon harshe ne, kamar yadda Faransanci yake a wurin ɗan sakandare a Kano ko Gusau.

Ashe saurayin nan maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na kallon tamu, ɗan aji ɗaya ne a fannin injiniya. Mu kuma an sa mu a sashen share fage, inda baƙin ɗalibai ke shafe kusan shekara guda suna koyon Rashanci kafin su shiga aji ɗaya. Wato a bene ɗaya muke, shi yana fama da harshen da muka zo da shi, mu muna fama da nasa. Abin da muka gani a waccan shekara, da wanda muke gani yanzu da muka shiga aji ɗaya tare da 'yan ƙasa, shi muke so mu ba ƙannenmu na sakandare labari, domin ya sauya yadda muke kallon namu Turancin.

Darasin da ba a tsallakewa

A Rasha ana buɗe makarantu ranar 1 ga Satumba, ranar da suke kira Ranar Ilimi. Sabon ɗalibin jami'a yakan tarar da jadawalinsa cike da darussa masu tsawon minti 90, waɗanda suke kira "para". Ko likita zai zama, ko injiniya, ko lauya, akwai wasu darussa da tsarin ƙasa ya wajabta masa, kamar tarihi da falsafa da motsa jiki da kuma harshen waje. Harshen wajen da mafi yawansu ke ɗauka shi ne Turanci.

A jami'armu, makon farko ake yi musu gwaji a raba su rukuni-rukuni bisa ma'aunin nan na Turai mai matakai shida, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na ƙwararre. Maƙwabcinmu a rukunin ƙarshe ya faɗa. Daga wani ƙauye ya fito, makarantarsu kuwa malamar Jamusanci kawai gare ta, don haka Jamusanci ya yi. Yana da shekara 18 ya fara koyon gaisuwa da Turanci.

Kada ku ɗauka darasin cike gurbi ne. Zangon karatu biyu ne a shekara, kowanne yana ƙarewa da jarrabawa, ta farko a tsakiyar hunturu, ta biyu wajen watan Yuni. Makin nasu lamba ce: 5 shi ne mafi kyau, 4 ya yi kyau, 3 an tsallake da ƙyar, 2 kuwa faɗuwa ce. Ɗalibin da gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsa yana samun ɗan alawus duk wata, amma da zarar ya sami 3 a jarrabawa ɗaya, an yanke alawus ɗin sai ya gyara a zango na gaba. Idan ya faɗi, sau biyu kawai doka ta ba shi damar sake zama, na biyun a gaban kwamitin malamai. Idan bai ci ba, sai a sallame shi. Ga ɗa namiji akwai ƙari a kai, domin karatun jami'a ne ke ɗaga masa aikin soja na dole na wata 12. Wanda aka sallama, wannan sassaucin ya tafi. Maƙwabcinmu gwani ne a lissafi, amma ya san Turanci kaɗai zai iya mayar da shi ƙauye.

Shekara goma a aji, baki a rufe

Shi dai yana da uzuri. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sauran, waɗanda suka yi Turanci a makaranta. Karatun firamare da sakandare a Rasha shekara 11 ne, harshen waje kuma daga aji biyu ake fara shi. Wato ɗalibi ya yi shekara goma yana zama a ajin Turanci kafin ya zo jami'a. Idan ka ba shi takarda ya cike gurabe, zai cike daidai. Wasu ma sun fi mu sanin sunayen ƙa'idojin nahawu. Amma ka ce masa ya gaya maka abin da ya yi jiya, sai ya sunkuyar da kai.

Da muka zauna da su, mun fahimci dalilai uku.

Na farko, jarrabawar kammala sakandarensu, wadda ta zama dole a duk faɗin ƙasar tun 2009, Rashanci da lissafi ta wajabta. Harshen waje zaɓi ne. An taɓa shirya mayar da shi dole daga 2022, amma aka soke shirin a 2020. Yaron da ya sa injiniya a gaba sai ya tattara ƙarfinsa a kan lissafi da fiziks, ya ajiye Turanci gefe a shekarun ƙarshe na sakandare.

Na biyu, ba ya bukatar Turanci a rayuwarsa ta yau da kullum. Fina-finan Amurka ana sauya musu murya zuwa Rashanci kafin a haska. Suna da manhajar bincikensu ta Yandex, da dandalin sada zumuntarsu na VK. Littattafan kimiyya da harshensu aka rubuta. Mutum zai iya rayuwa daga haihuwa har tsufa bai furta jimlar Turanci ko ɗaya ba.

Na uku shi ne yadda aka koyar da da yawansu. Ana ba yaro rubutaccen shafi a kan iyalinsa, ko garinsu, ko birnin Landan, ya haddace ya zo ya biya wa malama. A wasu jami'o'in kimiyya kuma har yanzu akwai tsohuwar al'adar da ɗalibai ke kira "dubbai": a ba ka rubutun Turanci na fanninka, a ƙirga haruffansa dubu kaza, ka fassara zuwa Rashanci da ƙamus ka kawo. Wannan yana koya wa mutum karatu da fassara, amma ba ya buɗe baki. Wata 'yar ajinmu ta ce mana duk lokacin da za ta yi magana, sai ta fara gina jimlar a ka, ta duba ta sau biyu, kafin ta gama dubawa an wuce wurin.

Mun san da yawanku za ku ce wannan ai labarinku ne. Mu ma haka muka ce.

Inda Rashanci ke taɗiye su

Da farko dariya muke yi idan suka yi kuskure. Amma da Rashancinmu ya fara nisa, sai muka lura cewa kurakuran nasu iri ɗaya ne. Ɗan ƙauye da ɗan Mosko wuri ɗaya suke tuntuɓe, kuma kowane tuntuɓe akwai dalilinsa a cikin harshensu. Ruwa ba ya tsami banza.

Matsalar tana farawa ne daga haruffa. Rashanci yana da haruffa 33, Turanci 26, kuma wasu sun yi kama a ido amma sautinsu daban. Harafin da muke gani kamar P, a wurinsu "r" ne. H kuwa "n" ne, B shi ne "v", C kuma "s". Mun yi mako guda muna wucewa ta gaban wani shago mai allo PECTOPAH, muna karanta shi "pektopa", ashe "restoran" aka rubuta, wato gidan abinci. Yadda idonmu ke yaudararmu, haka na maƙwabcinmu ke yaudararsa idan ya juyo kan Turanci. Ga shi kuma Rashanci, kamar Hausar boko, kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. Ranar da ya haɗu da "though" da "through" da "tough", ya kawo mana littafin yana tambaya ko kuskuren ɗab'i ne.

Sai furuci. Babu sautin "w" a Rashanci, don haka "west" takan fito "vest" a bakinsu. Ba sa bambanta dogon wasali da gajere, shi ya sa "ship" da "sheep" duk ɗaya suke ji, jirgin ruwa ya zama tunkiya. A nan mu Hausawa mun yi sa'a, domin kunnen da ya saba raba garin Kano da garin tuwo ba zai sha wahalar wannan ba. Akwai kuma wata ɗabi'a ta harshensu: baƙin da ya zo a ƙarshen kalma yakan rasa nauyinsa, "d" ta koma "t", "g" ta koma "k". Don haka idan ɗan Rasha ya ce "bad" sai ka ji "bat", idan ya ce "bag" ka ji "back".

Babban abin da ya fi ba su ciwon kai shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan, "a" da "the". Babu su sam a Rashanci. Kalma ɗaya, "kniga", ita ce wani littafi, ita ce kuma littafin da muka yi maganarsa ɗazu. Maƙwabcinmu ya haddace shafi uku na ƙa'idoji, amma ko dai ya zubar da su gaba ɗaya, ko ya barbaɗa su ko'ina kamar gishiri. Wajen yi masa bayani ne muka gano wani abu da ba mu taɓa lura da shi ba a shekara shida na sakandare: Hausa tana da kusan irin wannan bambanci. "Na ga wani yaro" daban, "na ga yaron" daban. "Wata mota" daban, "motar" daban. Ba ko'ina suke dacewa da Turanci ɗari bisa ɗari ba, amma sun isa su nuna hanya. Ashe muna da mabuɗi a aljihu ba mu sani ba.

Akwai kuma "is" da "am" da "are". Idan ɗan Rasha zai ce shi ɗalibi ne, kalma biyu kawai yake faɗa, "ya student", wato ni ɗalibi. Sai ya ɗauko wannan ginin ya kai Turanci, ya ce "I student". Lokutan aikatau kuwa uku ne a harshensu, wanda ya wuce, da na yanzu, da mai zuwa, sai wata hanya tasu ta nuna ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. Da suka tarar da jadawalin Turanci mai gida 12, sai kai ya ɗau zafi. Maimakon "I have lived here for two years", sai su ce "I live here two years", domin haka jimlar take a Rashanci.

A ƙarshe akwai kalmomin da suka yi kama da na Turanci amma ma'anarsu daban. "Magazin" a Rashanci kanti ne, ba mujalla ba. "Familiya" sunan mahaifi ne ko na zuri'a, ba iyali ba. "Fabrika" masana'anta ce, ba yadi ba. Ranar da maƙwabcinmu ya ce zai je "magazine" ya sayo burodi, mun yi dariya har da riƙe ciki.

Laifi tudu ne

Dariyar tamu ba ta daɗe ba. Wata malamar Turanci, dattijuwa mai fara'a, ta ji labarin akwai 'yan Najeriya a gidan kwanan, sai ta gayyace mu ajinta domin ɗalibanta su sami waɗanda za su yi hira da su. Muka shiga muna taƙama. Ɗayanmu ya tashi ya gabatar da kansa, ya ce a ƙasarmu akwai "feofle" masu yawa. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta tambayi ma'anar kalmar, tana shirin rubutawa. Malamar ta yi murmushi ta rubuta "people" a allo.

A ranar muka ji namu Turancin da kunnen wani. "P" da "f" suna musanya a bakinmu domin a Hausa ba su zama baƙaƙe biyu masu bambanta ma'ana ba. Ba mu da "v", shi ya sa "very" ke zama "bery". Su suna ce wa "west" "vest", mu kuma muna ce wa "vest" "best". Idan baƙaƙe suka taru a jere, mukan cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninmu suka mayar da "bread" burodi. Su kuwa wannan ba ya damunsu, domin gaisuwarsu ma, "zdrastvuyte", sai da muka yi kwanaki kafin ta fita a bakinmu.

Abin da ya fi ba kowa dariya shi ne wuraren da muka yi tarayya. Sautin "th" babu shi a Hausa, babu shi a Rashanci, kuma hanya ɗaya muka bi muka kauce masa: mu da su duka "ze" muke ce wa "the", "sink" muke ce wa "think". Kalma ɗaya gare su, "ruka", tun daga kafaɗa har yatsu, kamar yadda muke cewa hannu, don haka "arm" da "hand" suna rikita mu duka. Suna da aikatau ɗaya da ke aikin "make" da "do", mu ma "yi" ce ke mana duka biyun. Da muka gaya musu ɗan makaranta a garinmu yakan ce "borrow me your pen" domin yana fassara "ara mini biro", sai suka ce su ma "borrow" da "lend" suna cakuɗe musu.

Kafin mu fita, malamar ta yi mana bayanin da ba mu manta ba. Ta ce wanda ya girma da harshe ɗaya, idan ya zo koyon na biyu, da kayan aikin na farko yake fara gini. Don haka kuskurensa ba alamar daƙiƙanci ba ne, sawun harshen uwarsa ne. Kuma tunda an san inda sawun yake bi, ana iya tare shi. Ta ce ita da ta ji ɗalibi ya buɗe baki, ta san kurakurai goma da zai yi kafin ya yi su.

Cuɗe ni in cuɗe ka

Daga wannan rana muka ƙulla yarjejeniya da maƙwabcinmu. Kullum bayan cin abincin dare mukan haɗu a kicin ɗin da ya kasa nuna mana a daren farko. Minti 30 Turanci zalla, minti 30 Rashanci zalla. Doka ɗaya ce: ba a katse mai magana. Sai ya gama a gaya masa kuskure biyu kawai, ba fiye ba. Mun gano cewa idan ka gyara wa mutum kowace kalma, gobe ba zai dawo ba.

Kowannenmu ya sayi ƙaramin littafi ya raba shafi gida uku. Gida na farko abin da ka faɗa, na biyu yadda ya kamata, na uku kuma dalilin da harshenka ya ja ka ga kuskuren. Gida na ukun nan shi ne ya fi amfani. Da maƙwabcinmu ya rubuta da hannunsa cewa yana zubar da "is" ne domin Rashanci ba ya furta ta, sai ya fara kama kansa tun kafin mu kama shi. Bayan wata biyu ya lura cewa kurakuransa ba su kai yawan da yake tsoro ba. Guda bakwai ko takwas ne suke ta maimaita kansu.

Ya daina haddace kalmomi ɗai-ɗai a jere, ya koma haddace su a cikin jimla. Maimakon ya riƙe "depend" ita kaɗai, sai ya riƙe "it depends on the weather", domin Rashanci yana jan sa ya ce "depend from". Ya ari littafin nahawun nan na Raymond Murphy da ɗaliban Rasha ke ji da shi, wanda suke bambanta matakansa da launin bango, ja na masu farawa, shuɗi na masu matsakaicin ƙarfi. Darasi ɗaya yake yi a rana, amma kowace jimla sai ya karanta ta da ƙarfi. Ya mayar da harshen wayarsa Turanci. Fim kuwa ba ya kallon sa gaba ɗaya, sai ya zaɓi wuri mai minti uku, ya maimaita shi sau biyar da rubutun Turanci a ƙasa, sannan ya naɗi muryarsa yana kwaikwayo, ya saurara. Don sautin "th" har madubi ya riƙa tsayawa a gaba, yana duba ko harshensa ya leƙo tsakanin haƙora. Mu ma muka bi layi a bayansa.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, ya faɗi wani gwajin aji. Ya yi kwana huɗu bai zo kicin ba. Da muka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ce shi kansa ba na harshe ba ne, gara ya haƙura. Ba mu yi masa wa'azi ba. Ɗayanmu ya ɗauko takardar gwajinsa ta Rashanci, wadda jan biro ya cinye, ya miƙa masa. Sunaye a Rashanci suna sauya ƙarshensu ta hanya shida gwargwadon aikinsu a jimla, mu kuwa duk mun dagula su. Ya duba takardar, ya fashe da dariya, ya ce ko yaro ɗan shekara huɗu ba zai yi wannan ba. Muka ce to ka gani, abin da yake wasa a wurinka shi ne dutse a wurinmu. A daren ya dawo kicin.

Ranar jarrabawa

Zangon farko ya tsallake da ƙyar. Jarrabawar ƙarshen shekara ita ce mai maki, kuma ta baka ce, kamar yadda aka saba a jami'o'in Rasha. Ana kife takardun tambayoyi a kan tebur, ɗalibi ya zari ɗaya, a ba shi 'yan mintuna ya shirya, sannan ya zauna gaban malama ya amsa. Babu wurin ɓuya.

Mun raka shi har bakin ƙofa. Ya ce mana an ba shi wani ɗan rubutu ya karanta ya fassara, sannan aka ce ya yi magana a kan wani abokinsa. Bai haddace komai a kan wannan ba. Sai kawai ya fara ba da labarin wasu 'yan Afirka uku da suka tare shi a matakala suna neman kicin, da yadda ya gudu, da yajin da suka ba shi ya ɗanɗana har ya yi hawaye. Ya ce ya san ya zubar da "the" a wurare da dama, amma bai tsaya ba. Malamar ta yi masa tambayoyi uku, ya gane su, ya amsa. Ya fito da 4. Alawus ɗinsa ya tsira, gurbinsa ya tsira. A makon ne mu ma muka ci jarrabawar Rashancin da ta ba mu damar shiga aji ɗaya.

Yanzu yana aji biyu. Turancinsa bai zama na BBC ba, har gobe yakan ce "vest". Amma yana karanta bayanan manhajojin kwamfuta da kansa, domin yawancinsu da Turanci ake rubuta su, kuma ya fara leƙa mujallun bincike na fanninsa, waɗanda su ma mafi yawansu da Turanci suke fitowa.

Saƙonmu ga ƙannenmu

Akwai abu ɗaya da muka lura da shi wanda ya tsaya mana a rai. Duk wahalar da suke sha da Turanci, ba mu taɓa jin ɗan Rasha ya raina kansa ko harshensa saboda haka ba. Ya san da Rashanci Mendeleyev ya tsara jadawalin sinadaran da kuke haddacewa a ajin kemistiri, a 1869. Ya san da Rashanci Yuri Gagarin ya yi magana daga sararin samaniya ranar 12 ga Afrilun 1961. Turanci a wurinsa kayan aiki ne da yake bukata, ba ma'aunin hankali ba. Mu kuwa mun taso a ajin da idan yaro ya yi kuskuren Turanci sai a kwashe da dariya, har ya ɗauka shi daƙiƙi ne, ya rufe bakinsa har ya gama makaranta.

Halinku ya bambanta da nasu ta wata fuska, kuma ya fi nasu tsanani. Su da harshensu suke rubuta lissafi da kimiyya, ku kuwa da Turanci kuke rubuta kusan komai. Ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ba jami'a, kuma a JAMB ma shi ne darasin da ya hau kan kowa. Amma kuna da abin da maƙwabcinmu bai samu ba: kun san haruffan tun kuna firamare, kuna ganin Turanci a allunan titi da jaridu, kuna jin sa a rediyo, kuna da malamai da yayye da suka iya shi.

Don haka ga abin da muke roƙonku ku gwada a wannan zangon. Ku sami aboki ɗaya ko biyu da kuka amince ba za su yi muku dariya ba. Ku ware minti 30 kullum, ko a hanyar komawa gida ne, ku yi hira da Turanci a kan abin da ya faru a ranar. Ku sayi littafi mai arha ku raba shafinsa gida uku. Duk kuskuren da malam ya ja wa layi da jan biro, kada ku tsaya a gyara kawai, ku tambayi kanku yadda ake faɗin jimlar da Hausa, za ku ga inda kuskuren ya samo asali. Wanda ya fi ku iyawa kuma, idan ya ji kun ce "feofle", ya gyara muku a hankali, ya tuna shi ma akwai harshen da zai shiga ya koma ɗan koyo.

Jiya da dare wani sabon ɗalibi daga Sakkwato ya iso benenmu, da akwatinsa da ledar yajinsa. Kafin mu fito daga ɗaki, mun jiyo muryar maƙwabcinmu a kan matakala, yana yi masa kwatancen kicin da Turanci.